Yaya, ba mu jefar da Adamu ba

Yaya, na ga tambayarka, na kuma gane inda ta dosa. Wai ana faɗi a Malumfashi cewa mu masu bi na Maradi mun daina yarda an yi Adamu da Hawwa'u, bokon Faransa ya cinye mu.

Ga asalin maganar. Autana ya dawo daga lakwal da littafi, a ciki akwai hoton ƙoƙon kan Tumai, wata tsohuwar halitta mai kama da mutum, wanda aka tono a Cadi a 2001, aka ce ya kai shekara miliyan 7. Muna cin tuwo ya ce, "Baba, wannan kafin Adamu ne ko bayansa?" Maigida bai tsawata masa ba. Ya wanke hannu, ya sa aka ɗauko Littafi Mai Tsarki, suka buɗe Romawa 5:12, inda Bulus ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, sannan Luka 3:38, inda asalin Yesu ya tuƙe ga Adamu. Ni a nan na tsaya. Adamu mutum ne mai jini da tsoka, don ban ga yadda Bulus zai jera Almasihu da tatsuniya ba.

Amma gardamar ba mu muka ƙago ta ba. A Amurka, Francis Collins, Kirista ne da ya jagoranci binciken ƙwayoyin gadon ɗan Adam, ya kafa BioLogos, ƙungiya mai daidaita kimiyya da bangaskiyar Kirista, a 2007, kuma a cikin 'yan ƙungiyar akwai masu cewa bil'adama ba daga mutum biyu kaɗai suka fito ba. William Lane Craig, Kirista masanin falsafa, ya ce an yi Adamu, sai dai shekara 750,000 ko fiye da suka wuce. Fafaroma Pius na 12 tun 1950 ya hana Katolika cewa iyayen farko suna da yawa. A majami'armu ma akwai dattijon da ya ƙirga zuriyoyi ya kafe a kan shekara 6,000, akwai matashin malami da ke cewa ai sai a rana ta huɗu aka halicci rana, to kwana ukun farko da me aka auna su? Benci ɗaya suke zama su ci Jibin Ubangiji.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da ka ce mun saki Hausa. Don muna cewa lakwal? Ku da kuke cewa coci fa? Katsinawan da suka ƙi bin masu jihadi ne suka kafa sarautar garin nan, har yau sarkinmu Sarkin Katsina ake kiransa. Da 'yata ta auri Bagobirin Tibiri, mai bi ɗan mai bi, ko mutum ɗaya bai zo daga gida ba, kamar mun ba da ita bayan duniya. Na haɗiye, amma ban manta ba.

Kaka da ya zo aikin jinyar kutare a Danja ta kusa da Maradi, da fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta 1932 ya zo a jakarsa. Ina tuna shi a kan buzu, fitilar ƙwai a gefe, yana karanta mana "Adamu, ina kake?" yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya har mu sunkuyar da kai. Littafin yana hannuna, bangonsa ya ɓare, na ɗaure shi da ƙyalle. Shi ne wanda autan ya ɗauko a daren nan.

Ka zo Kirsimeti, Yaya. Yaron bai gama tambaya ba, ya ce kai ma yana so ya ji ta bakinka.