Na guje wa asusun da ake bi na bashi, sai aka kwashe mini kuɗi a wani bankin

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a jihar Kaduna. Bara gab da babbar sallah, bankin da ake biya na albashi ya ba ni damar cire naira 150,000 sama da abin da ke asusuna, a kan za su zare idan albashi ya shigo. Albashi ya yi jinkiri, na ga idan ya zo za su kwashe shi kaf ga iyali, sai na mayar da albashina wani banki na rabu da wancan asusun. Yau wata 14 ke nan, kwatsam aka cire mini naira 90,000 daga sabon asusuna, wai bashin ya kai kusan 240,000. Kuɗin hayar gida ne, mai gida na jira. Suna da hurumin yin haka? Abokina ya ce akwai mai wanke BVN a naira 25,000. Don Allah a ba ni shawara, hankalina a tashe yake.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yaye maka. Kafin komai, kada ka ba mai wanke BVN ɗin nan ko kwabo.

Hurumi dai suna da shi, matuƙar ka amince da sharaɗin GSI, wato izinin zarar bashi daga sauran asusunka, a lokacin da ka karɓi kuɗin. Tun ranar 1 ga Agusta, 2020 Babban Bankin Nijeriya (CBN) ya fara aiki da wannan tsari, wanda ya ba bankin da ke bin mutum bashi damar bin lambar BVN ɗinsa ta hanyar NIBSS, cibiyar da ke haɗa hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna, ya zare abin da ya samu a kowane asusu nasa: na ajiya, na karant, na dala, har da na haɗin gwiwa da wani. A watan Janairun 2022 aka ƙara masa ƙarfi, aka ce bankin zai iya ci gaba da lalube babu iyaka har sai bashin ya biyu. Mutane da dama sun amince da sharaɗin nan ba su sani ba, domin a waya suka danna "na yarda" ba tare da sun karanta layi ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne tunanin da ya sa ka gudu, domin kullum sai na haɗu da shi. Mutanenmu sun ɗauka asusun banki kamar shagon unguwa ne, idan bashi ya yi maka yawa sai ka sauya hanya ka daina bi ta ƙofar. Wani ya karya layin wayarsa, wani ya jefar da katinsa, wani ya goge manhajar bankin daga waya, sai ya kwanta yana ganin magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, Malam. Bashin ba a jikin katin yake ba, ba a jikin layin yake ba, a kan sunanka yake da yatsunka da aka ɗauka ranar da ka yi BVN. Tun 2014 da aka fito da lambar nan, duk bankin da ka shiga a ƙasar nan mutum ɗaya kake a wurinsu.

Kuma duk watan da ka yi shiru, lissafi tafiya yake yi. Ƙa'idar cajin bankuna da CBN ya fitar, wadda ta fara aiki a Janairun 2020, ta ba mai bashi kwana 7 na sassauci, bayan nan banki na iya ɗora tarar da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata ba a kan abin da ba a biya ba, ban da kuɗin ruwan da aka yi yarjejeniya a kai. Mu ƙaddara takardarka ta ce kashi 3 cikin 100 a wata. A kan naira 150,000, ruwan 4,500 ne, tara 1,500, ka ga 6,000 ke nan duk wata. A wata 14 an doshi 84,000, tun ba a yi maganar ruwan da ke hawa kan ruwa ba. To ka ga inda 240,000 ɗin ta fito. Ba aljanu suka ƙara ba. Da a watan farko ka shiga reshen ka ce albashi ya makara, a raba maka biyan gida huɗu ko biyar, da abin da za ka biya bai kai kusa da haka ba, kuma da kuɗin hayarka na hannunka.

Akwai ɓarnar da ba a gani sai daga baya. Bankuna na aika sunan duk wanda ya ƙi biya ga kamfanonin adana tarihin bashi, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry, waɗanda dokar 2017 ta tsara aikinsu. Gobe idan ka nemi murabaha, wato banki ya saya maka kaya ya sayar maka da riba ka biya a hankali, a bankin Jaiz ko TAJ ko Lotus don sayen babur ko kayan gini, rahoton nan za su fara dubawa. Su ma bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa ba sa ba wanda aka rubuta ya gudu da bashi. Sai mutum ya fito yana cewa an nuna masa bambanci, alhali tsohon obadiraf ne, irin wannan bashin na cire sama da abin da ke asusu, da ya manta da shi.

Wannan gurbin ne 'yan damfara suka samu. Suna nan a TikTok da Facebook da guruf-guruf na WhatsApp, wai suna da mutum a ciki, wai za su goge sunanka a kwana uku. Ƙarya ce tsagwaronta. Babu wani yaro mai kwamfuta a bakin kasuwa da zai iya shafe bayanan da ke rumbun NIBSS da na banki da na kamfanoni uku a lokaci guda. Wanda kaɗai zai iya sauya matsayin bashin shi ne bankin da ya kai rahoto, bayan an biya shi ko an daidaita da shi. Abin da mai wankin zai yi shi ne ya karɓi 25,000 ɗinka, sannan ya nemi BVN, ranar haihuwa da lambar sirrin da aka turo maka ta waya. Da waɗannan zai ci sabon bashi da sunanka a manhajojin bayar da rance, ko ya kwashe ragowar albashinka. Ka je wanke bashi ɗaya ka dawo da uku. Raina yana ɓaci idan na ga malamin makaranta, wanda ke koya wa yaranmu lissafi, ana shirin yi masa irin wannan.

Wasu kuma za su ce maka tunda kuɗin ruwa haramun ne, ba sai ka biya ba. Hukuncin ruwa na malamai ne, ka kai musu. Amma naira 150,000 ɗin nan ka karɓa, ka yi hidimar sallah da ita, kuma ban san malamin da zai ce uwar kuɗi ta zama taka ba.

Wannan ba ya nufin banki ya yi daidai a komai. Suna da halin barin mutum wata da watanni babu kira babu wasiƙa, sai bashi ya kumbura su diro, kuma idan ka je tambaya a yi ta tura ka daga wannan tebur zuwa wancan. Saboda haka kada ka yarda da adadin da aka faɗa maka da baki. Ka rubuta takarda ga manajan reshen, ka nemi cikakken bayanin asusun tun daga ranar da ka ci bashin, da kwafin yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin GSI. Ka sa su buga hatimin karɓa a kwafinka, su ba ka lambar ƙorafi. Abu biyu za ka duba da kyau. Tarar ba ta wuce kashi 1 a wata ba? Sannan GSI uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai ya halatta a ciro da shi, ban da tara. Idan sun haɗa da tara, ko kuma suka kasa nuna inda ka amince da sharaɗin, to kana da magana mai ƙarfi, kuma akwai hukunci a kan bankin da ya yi amfani da tsarin ba bisa ƙa'ida ba. Idan suka yi biris da kai bayan kwana 30, ka kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Kwastomomi na CBN tare da lambar ƙorafin, ba a biyan ko sisi. Ƙorafin da ya shafi bashi kan ɗauki lokaci fiye da na kuɗin da ya maƙale a POS, sai ka daure da bibiya.

Idan lissafinsu ya fito daidai, ka zauna da jami'in da ke kula da bashin. Ka je da takardar albashinka, ka nuna masa watannin da aka yi jinkiri, ka roƙi a yafe tarar, a raba ragowar a kan abin da za ka iya duk wata. Bankuna kan yarda, domin biya kaɗan-kaɗan ya fi musu bin mutum. Duk abin da kuka daidaita a kai ya zama a rubuce, har da batun dakatar da zarar kuɗi daga ɗayan asusun naka, in ba haka ba albashin wata mai zuwa ma zai iya tafiya. Ranar da ka kammala, ka karɓi takardar shaidar ba a bin ka bashi, sannan bayan wata ɗaya ko biyu ka nemi rahotonka a ɗaya daga cikin kamfanonin nan uku ka tabbatar an gyara. Doka ta ba ka rahoto ɗaya kyauta a shekara.

Shi kuwa mai gidan haya, ka same shi yau da saƙon cirar kuɗin a wayarka, ka nemi ya ƙara maka wata ɗaya.