Wasiƙun sojojin yaƙin basasa: wa ke da ikon buga su?

Tambaya: Barista, ni malamar tarihi ce a Jos. Ina bin gidajen tsofaffin sojoji a Rukuba da Bukuru ina tattara wasiƙun da suka aiko gida daga bakin daga lokacin yaƙin basasa. Wasu kyauta aka ba ni, wasu aro, wasu hoto na ɗauka da waya. So nake in buga su littafi. Yanzu ɗan wani marigayi ya taso sai na dawo da ta mahaifinsa, alhali gwaggonsa ce ta ba ni. Mene ne matsayina?

Amsa: Malama, a idon doka dukiya biyu ce cikin kowace wasiƙa: takardar, da maganar da ke jikinta.

Takarda ta wanda aka aika wa ce. Ki duba bayan ambulan, ko gaisuwar farko. In gwaggon ya rubuta wa, kyautarta ta zauna, ɗan ba shi da hurumin karɓewa. In kuwa matarsa ya aika wa, gwaggo ajiya kawai ta yi a ƙasan adaka, to ta yi kyauta da abin da ba nata ba, sai ki mayar. Na aro kuma ba sai na faɗa ba.

Maganar fa, a nan gizo ke saƙar. Haƙƙin mallakarta na wanda ya rubuta ne, in ya rasu ya shiga cikin gado. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ce haƙƙin rubutu yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu. An fara yaƙin a Yulin 1967, aka gama a Janairun 1970. Sojan da ya kwanta dama a 1968, haƙƙinsa sai ƙarshen 2038. Wanda ya dawo gida ya ci fanshonsa ya rasu a 2005, sai 2075. Ke nan duk wasiƙun da ke hannunki da masu su. Ko da kurtun bai iya boko ba, abokinsa ya sa ya rubuta masa, muddin shifta ya yi masa, maganar ta kurtun ce.

Ɗan nan, ko bai iya karɓe takardar ba, yana iya hana ki bugawa, kuma Babbar Kotun Tarayya za ta saurare shi.

Hoton da kika ɗauka don nazarinki doka ta yi masa sassauci, haka tsakuro layi biyu uku cikin sharhi tare da ambaton mai shi. Amma ɗora wasiƙa sukutum a Facebook, wannan bugawa ce.

Abin yi shi ne izini a rubuce daga magada. Kada ki nemi sayen haƙƙin, yana tsorata mutane, izinin amfani ya ishe ki. Shafi ɗaya: littafi, intanet, fassara, ko a ɓoye suna ko a bari, da abin da za su samu in an yi ciniki. Gidan da aka raba gado bisa shari'ar Musulunci, kada ki tsaya ga babban ɗa, 'yan'uwansa mata ma magada ne. Inda kotu ta naɗa mai kula da gado, sa hannunsa za ki nema.

Sai ki karanta kowace wasiƙa da idon wanda aka ambata a ciki. Soja cikin ɓacin rai yakan ce hafsa wane ya cinye musu albashi, ko wance ta ci amanar aure. In mutumin yana raye zai iya ƙarar ki kan ɓata suna. Gaskiya kariya ce, to amma wa zai tsaya miki shaida bayan shekara hamsin da ɗoriya? Ki cire sunan. Takardun aikin soja da kan maƙale a ciki, irin su taswira ko umarnin kwamanda, ki ware su gefe har lauya ya gani, saboda Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962.

In za ki kai na asali Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ko cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, a rubuta ƙarara kyauta ce ko ajiya.

Shi kuwa ɗan, ni dai ba zan ja da shi ba. Ki je da wani dattijon gidan, ki kai masa kwafi mai kyau, ki nuna masa shafin da mahaifinsa zai fito. In ya ƙi, ki bar wasiƙar, ki ba da labarin abin da ya faru da kalmominki. Doka ba ta mallaka wa kowa aukuwar tarihi ba.