Ɗana Ya Warke Daga Sankarar Jini, Amma Ƙiba Ta Taso Masa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ya kamu da sankarar jini yana da shekara 5, aka yi shekara biyu da rabi ana ba shi magani, kuma cikin ikon Allah ya samu lafiya. Yanzu shekararsa 11, amma tun yana kan magani jikinsa ya fara buɗewa, har yau bai tsaya ba, kuma da ya ɗan yi gudu sai ya kama haki. 'Yan'uwa suna cewa murmurewa ce, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Shin ciwon ne ke neman dawowa, ko ni ce na sangarta shi da abinci?

Daga wata uwa

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa yaronki lafiya. Bari in fara da abin da ya fi tayar miki da hankali. Ƙibar da ke taruwa sannu a hankali cikin shekaru ba ta cikin alamomin da aka saba gani idan sankarar jini ta dawo. Abin da aka fi gani shi ne zazzaɓin da ya ƙi tafiya, da ɗashewar jiki, da ciwon ƙashi, da zubar jini ba tare da rauni ba. Sai dai idan ƙiba ta zo farat ɗaya tare da ciwon kai mai naci da amai, wannan ba abin jira ba ne, a kai shi asibiti nan da nan.

Abin da kike gani sananne ne ga likitocin yara, musamman a cikin waɗanda suka warke daga sankarar jini da kuma ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan lokuta tushensa yana cikin maganin da ya ceci ran yaron. Kusan duk yaron da aka yi wa jinyar sankarar jini irin wadda ta fi kama yara ya sha magungunan sitiroyid, wato firednison ko deksametason. Na tabbata kin tuna kwanakin da yake farkawa cikin dare yana kukan yunwa, fuskarsa ta cika ta yi da'ira, cikinsa ya turo alhali ƙafafunsa suna sirancewa. Aikin maganin ke nan: yana buɗe ciki, yana tara kitse, yana kuma cinye tsoka. Maganin binkiristin kuma yana raunana jijiyoyin ƙafa, shi ya sa wasu yaran ke yawan tuntuɓe, su ji wasa ya fita daga ransu. Yaron da ya yi fiye da shekara biyu yana ci da yawa, yana motsi kaɗan, jikinsa ba ya komawa yadda yake don kawai an daina magani.

Ba ki faɗa mini ko an yi masa gashin haske a kai ba, wato radiyoterafi, kuma wannan tambaya ce mai nauyi. Hasken yana iya taɓa haifotalamus, sashen ƙwaƙwalwar da ke sanar da mutum ya ƙoshi, da fituwitari mai fitar da sinadarin girma. Babban binciken da aka fara a Amurka a 1994 kan waɗanda suka tsira daga sankarar ƙuruciya ya nuna cewa gashin kai mai ƙarfi yana ƙara haɗarin ƙiba, musamman ga 'yan matan da aka yi wa suna ƙanana sosai.

Game da sangartawa kuwa, ina roƙonki ki sauke wannan nauyi daga zuciyarki. Uwar da ta kwana tana ƙirga cokali nawa ɗanta ya iya haɗiyewa, ba abin mamaki ba ne ta kasa hana shi abinci bayan ya warke. Amma ban yarda da masu cewa murmurewa ce kawai ba. Waɗanda suka warke daga sankarar ƙuruciya sun fi tsaransu fuskantar ciwon zuciya, kuma ƙiba tana jawo hawan jini da ciwon suga, waɗanda ke ƙara wa zuciyar aiki. Hakin da kika ambata yana iya zama na nauyin jiki ne kawai, amma idan an ba shi doksorubisin ko makamancinsa, wanda aka san yana iya raunana tsokar zuciya, wajibi ne a ɗauki hoton zuciyarsa kafin a sa shi motsa jiki mai ƙarfi.

Saboda haka ki koma wurin likitocin da suka yi jinyarsa, ki nemi a rubuta miki sunayen magungunan da aka ba shi da adadinsu, ki adana takardar domin za ta yi masa amfani har ya girma. A auna tsawonsa da nauyinsa a kwatanta da na sa'o'insa, domin yaron da ke ƙara faɗi alhali tsawonsa ya tsaya yana buƙatar a binciki sinadarin girmansa da na tayiroyid da ke maƙogwaro, kuma ƙarancin kowannensu yana da magani. A duba hawan jini da suga da kitsen jini.

A gida kuma kada ki horar da shi da yunwa, kada kuma ki ba shi wani maganin rage ƙiba ba da sanin likita ba, domin yaro ne da ke kan girma, kuma sau da yawa abin da ake nema shi ne nauyin ya tsaya tsawo ya riske shi. Ki fara da rage abin sha mai zaƙi da soye-soye, ki ƙara ganyaye da 'ya'yan itace, kuma canjin ya shafi kowa a gidan, don kada ya ga an ware shi kamar lokacin da yake jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 60 na motsa jiki kowace rana ga yara 'yan shekara 5 zuwa 17. Idan likita ya tabbatar zuciyarsa lafiya, ku fara da tafiyar minti 15 ke da shi, ana ƙarawa mako bayan mako.