Tambaya da Amsa: Kuɗin "awa" na na'urar ƙirga ƙwayoyin jini

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana digiri na biyu a fannin binciken jini. Na sayar da riɗi na biya masa kuɗin makaranta, sai ga shi ya bugo waya wai yana son kuɗin "awa" na wata na'ura da ke ƙirga ƙwayoyin jini. Ashe na'urar ba ta makarantar ba ce? Ko dai wayo yaron yake yi mini? Daga wani mahaifi a ƙasar Kafin Hausa, Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Kwantar da hankalinka, abin da ya faɗa maka sananne ne a wurinmu ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje.

Sunan na'urar fulo-saitomita. Ka san yadda makiyayi ke tsayawa a bakin garke da yamma, tumaki na shiga ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa, yana ware tunkiya da rago? To haka take yi. Ana tura ƙwayoyin jini cikin siririn ruwa, su jeru, kowace ta gifta ta gaban hasken leza ita kaɗai. Yadda hasken ya watsu shi ke nuna girmanta da abin da ke cikinta. Kafin nan an riga an sa musu wani rini mai ƙyalli da ke manne wa irin ƙwayar da ake nema kawai. Dubbai take ƙirgawa a daƙiƙa guda. Ranar da na fara ganin ɗigogin da ke wakiltar ƙwayoyin suna taruwa a allon kwamfuta kamar an watsa gero a faifai, sai da na manta da shayin da na ajiye.

Da ita ake auna ƙwayoyin CD4, wato wasu fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki daga cuta, na masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Mai lafiya yakan samu 500 zuwa 1,500 a mikrolita ɗaya na jini (ɗan ma'aunin da bai kai ɗigo guda ba), idan suka yi ƙasa da 200 kuwa garkuwar jiki ta yi rauni ƙwarai. Da ita kuma ake tantance nau'in sankarar jini. Mack Fulwyler ne ya ƙera mai ware ƙwayoyi ta farko a Amurka a 1965, daga baya Leonard Herzenberg na Jami'ar Stanford ya haɗa ta da rinin nan.

Batun kuɗi kuwa, dubi injin casar shinkafa. Ba kowane gida ke da nasa ba, guda ake girkawa, kowa ya kawo buhunsa ya biya. Na'urar nan tsada gare ta, shi ya sa jami'o'i ke ajiye ta a cibiya ɗaya, masu binciken maleriya, tarin fuka da sikila duk su riƙa yin layi. Kuɗin awa, wato abin da ake biya kan kowace awa da aka yi ana aiki da ita, shi ke sayen ruwan da take sha, da 'yan ƙwayoyin roba da ake daidaita ta da su kowace safiya, da gyara. Ga na'urar sanyaya ɗaki, ga batir saboda ɗaukewar wuta, ga ƙurar hunturu da ba ta ga maciji da madubanta. Ni a ganina wannan tsarin ya fi kowane sashe ya sayi tasa, ta lalace bayan shekara, a lulluɓe ta da leda.

Sai dai ka ce ya turo maka rasit, ya kuma faɗa maka samfur nawa zai gwada. In daga ƙauye zai ɗebo jinin, ya kama lokaci a cibiyar tun kafin ya ɗeba, domin jinin da ke kwalba mai murfin shunayya kwana ɗaya zuwa biyu yake jurewa, kuma ba ya son zafin bayan mota, ba ya son daskarewa.