Filin Tambaya da Amsa: Tsakanin "Yourself" da "Yourselves"

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, kuma an ba mu aikin rubuta wasiƙa ta Turanci zuwa ga ƙawaye biyu da suka samu saɓani. Na rubuta musu "You should forgive yourselves", sai malaminmu ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar ƙarshe. Mene ne laifinta, kuma a ina ake sa "yourself", a ina ake sa "yourselves"?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Waɗannan kalmomi biyu wakilan suna ne da ke nuna cewa aikin ya koma kan wanda ake magana da shi, wato daidai da "kanka", "kanki" da "kanku" a Hausa. Idan aka ce "You hurt yourself", ma'anarsa ka ji wa kanka ciwo ko kin ji wa kanki ciwo, domin Turanci ba ya bambanta namiji da mace a wannan wuri. Abin da yake dubawa shi ne adadi: mutum ɗaya "yourself", biyu zuwa sama "yourselves". A nan ne kusan kaɗai Turancin yau yake raba tilo da jam'i ga wanda ake magana da shi, tun da "you" ta maye gurbin tsohuwar kalmar tilo "thou", wadda ta riga ta ja baya daga maganar yau da kullum a ƙarni na 17, ta tafi tare da "thyself", mai ma'anar "kanka" ko "kanki".

Jimlarki ba ta karya dokar nahawu ba, ma'anarta ce ta kauce wa nufinki, kuma a ganina wannan ya fi kuskuren rubutu haɗari. Abin da kika faɗa wa ƙawayen nan shi ne kowacce ta yafe wa kanta, kamar wadda ta yi laifi tana ta zargin kanta, alhali kuwa so kike su yafe wa juna. Bahaushe ba ya haɗa "ku taimaki kanku" da "ku taimaki junanku", to haka ma Bature, sai dai shi "each other" ko "one another" yake cewa idan yana nufin juna. Da kin rubuta "You should forgive each other", da jan biron bai taɓa takardarki ba.

Akwai wani tarko da nake so ki kiyaye. Mu muna ce wa babba "ku" don girmamawa, saboda haka hannu yakan so ya rubuta wa dattijo guda "Take care of yourselves". Turanci ba ya girmamawa da jam'i, don haka ko sarki ne, muddin shi kaɗai ne, "yourself" za a ce masa.

Kalmar tana kuma zuwa don ƙarfafawa, kamar a "You wrote it yourself", wato ke da kanki kika rubuta, ba wani ya rubuta miki ba. Idan "by" ta gabace ta, ma'anar takan zama ke kaɗai, ba tare da kowa ba. Amma bayan kalmomin da ke nuna wuri, "you" ake bari, shi ya sa ake cewa "Take the bag with you". Haka nan ba na goyon bayan masu rubuta "I will send it to yourself" da zaton ladabi ne, domin mai aikawa daban, mai karɓa daban, aikin bai koma kan mai yin sa ba.

Wajen rubutu kuma, a haɗe ake rubuta kowacce, kuma harafin "f" yana komawa "v" a jam'i kamar yadda "leaf" take zama "leaves", saboda haka babu kalmar "yourselfs" a daidaitaccen Turanci.