Suna cewa ɗalibata namiji ce don ta fi su gudu, in kai ta a duba?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni malamar wasanni ce a wata makaranta a Tahoua. Ina da ɗaliba ƴar shekara 16 mai gudun mita 400, doguwa, ƙirjinta a shafe, muryarta da kauri. Tun da ta cinye gasar makarantu iyayen wasu yara ke cewa namiji ce, irin masu sauya jinsin da ake gani a Facebook suna shiga wasan mata a Amurka. An ce in kai ta wurin ungozoma a duba ta a rubuto takarda. Mahaifiyarta ta shaida mini ba ta fara al'ada ba. Yanzu yarinyar ta daina zuwa atisaye. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kar ki kai ta wurin ungozoma, kar ki yarda wani ya kai ta. Masu wannan magana sun haɗa abu uku sun dama wuri ɗaya: wanda aka haifa namiji daga baya ya sauya jinsi, da wadda aka haifa da bambanci a halittar jinsinta, waɗanda ake ce wa mata-maza, sai kuma mace lafiyayya mai ƙirar ƙarfi. Ɗalibarki a gaban mutane aka haife ta, aka yi mata suna, ta girma mace. Batun sauya jinsi bai shafe ta ba.

Shi kansa wancan batu yana da ƙa'ida a rubuce. Balagar namiji tana ƙara tsawo, faɗin ƙashi, girman zuciya da huhu, yawan jini da tsoka, shi ya sa tazarar maza da mata a gudu take kaiwa kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. In aka danne testostiron, wato sinadarin maza, da magani, jinin yakan sauko cikin ƴan watanni, tsoka ta ragu kaɗan, ƙashi kuwa yana nan yadda yake. A kan haka hukumar ninƙaya ta duniya a 2022, da hukumar guje-guje World Athletics a Maris 2023, suka hana wanda ya yi balagar maza shiga rukunin mata a gasanninsu. Akwai masana da ke ganin hujjar ba ta cika ba, don yawancin binciken ba a kan ƴan wasa aka yi shi ba, kuma muhawarar tana nan. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji da ta ce a tuɓe yarinya a gasar makaranta.

Abin da ke ɓata mini rai, kuma kullum sai an zo mana da shi, shi ne wai ido na iya rabewa. Ba ya iyawa. An gwada a gasar guje-guje ta Turai a Budafes a 1966, aka sa ƴan wasa mata suka tuɓe a gaban likitoci, abin ya zama tozarci, ba a jima ba aka watsar da shi. Dalilin a fili yake. Akwai yarinyar da ke ɗauke da kuromosom XY, wato tsarin ƙwayar halitta irin na maza, amma jikinta ba ya jin testostiron ko kaɗan: nononta ya fito, fatarta sumul, gabanta na mace, ungozoma za ta ce lafiya lau. Akwai kuma mai XX irin na mata, da mahaifarta da ƙwanta, wadda ƙullutun da ke saman ƙodarta ke fitar da sinadarin maza da yawa, gabanta ya ɗan girma, a ce da ita namiji, alhali tana iya ɗaukar ciki ta haihu. Kin ga duban ya kuskure ta nan, ya kuskure ta can. Kaurin murya, ƴar ƙasumba, ƙuraje, duk ana ganinsu a matan da ke da lalurar ƙwan mahaifa mai ƙulle-ƙulle, wadda ke samun kusan mace ɗaya cikin goma. Shafaffen ƙirji kuwa, je ki filin Seyni Kountché a Yamai ki dubi masu dogon gudu. Takardar ungozoma babu hukumar wasannin da za ta karɓe ta, kuma ba za ta rufe bakin kowa ba. Abin da za ta haifar shi ne unguwa ta ji an tuɓe yarinya, maganar ta bi ta har ranar neman aurenta.

Ko gwajin ɗakin bincike ma ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Daga 1 ga Satumba 2025 World Athletics tana neman gwajin ƙwayar halitta SRY, wadda ke fara halittar namiji, sau ɗaya a rayuwa, ta goge cikin kunci da auduga ko ɗibar jini, ga masu shiga gasannin da ke kan jerin duniya. A gasar Olamfik ta Atalanta a 1996 an yi wa mata 3,387 irinsa, 8 suka nuna SRY, aka bincika, aka bar su duka suka yi wasa. Mu nan mun san zafin waɗannan ƙa'idoji: Aminatou Seyni, mai gudu ƴar Nijar, ta bar mita 400 a 2019 saboda dokar da ta kayyade yawan testostiron a jinin mata masu gudu, ta koma 200, ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2022.

Abin da ya kamata ya dame ki shi ne rashin al'ada. Yarinya ta wuce shekara 15 ba ta gani ba, ana bincike ko ba ta taɓa taka filin wasa ba. A masu gudu, abin da aka fi samu shi ne abinci bai kai atisaye ba, ga ƙarancin jini, sai jiki ya dakatar da al'ada, ƙashi ya yi rauni. Sauran dalilai: jinkirin balaga na gado, toshewar hanyar jini, a haifi yarinya babu mahaifa, matsalar maƙoƙo, sannan bambancin halittar jinsi, wanda shi ne mafi ƙaranci.

Mahaifiyarta ce za ta kai ta, ba makaranta ba, kuma da yardar yarinyar. Su ga likitan mata a cibiyar uwa da yaro ta Tahoua, in an tura su Yamai su je asibitin haihuwa na Issaka Gazobi. Za a auna tsawo da nauyi, a yi hoton eko na mara a ga ko akwai mahaifa da ƙwai, a ɗebi jini da safe kafin ƙarfe 10 a auna sinadaran jiki FSH, LH, furolaktin, TSH da testostiron. In eko bai ga mahaifa ba, ko testostiron ya yi sama sosai, sai a nemi gwajin kuromosom. Ku kula da ma'aunin da ke kan takarda: ɗakunan bincike da yawa suna rubuta ng/mL, ƙa'idojin wasanni kuwa nmol/L, kuma 1 ng/mL daidai yake da 3.47 nmol/L. Wanda bai juya ba, zai karanta shi ba daidai ba. Awo ɗaya ma ba ya isa, ana maimaitawa.

Kafin a gama bincike kar a ba ta ƙwayar tsarin iyali don "a jawo al'ada". Jinin da zai zo ba al'ada ba ce, kuma ƙwayar tana ɓata sakamakon awon. Kar a saya mata allura a wurin masu tallan magani. Mafi muni, kar a kai ta wurin wanzami yankan gishiri ko cire angurya: wannan yanka ba ya kawo al'ada, yoyon fitsari yake kawowa, kuma dokar Nijar ta 2003 ta haramta yanka gaban mace. In bincike ya nuna bambancin halitta, babu gaggawar tiyata don wasa. Annet Negesa, mai gudu ƴar Yuganda, an cire mata ƙwayoyin da ke samar da testostiron a cikinta a 2012, ba ta sake komawa gudunta na da ba.

Sakamakon na yarinyar ne da iyayenta, shugaban makaranta ba shi da hurumin ganinsa. Masu ƙorafi ki ce su rubuta wa masu shirya gasar, su nuna ayar ƙa'idar da aka karya. Takardar haihuwa da ta shaidar lafiyar wasa su ne abin da za ki ajiye a fayil ɗinta. Ki je gidansu da kanki ki dawo da ita atisaye, amma ki rage mata nauyinsa, ki tabbatar tana karyawa kafin ta fito, har a ga sakamakon jinin.