Ƙwayar bitamin mai ayon da baƙin bayan gida

Hajiya, kin ce tun da kika fara shan bitamin mai sinadarin ayon (sinadarin ƙarfe mai ƙara jini) bayan gidanki ya koma baƙi, ga tashin zuciya. Kwantar da hankalinki, ragowar ayon ɗin da hanji bai tsotse ba ne ke fita haka. Yakan kawo taurin bayan gida ma, sai ki yawaita ruwa da ganye.

Ki daina sha da yunwa, ki bari sai bayan abinci. Kada ki kora da shayi, yana hana jiki karɓarsa. Ruwan lemon zaƙi ya fi.

In kika ga jini, ko bayan gidan na danƙo kamar kwalta, ga jiri, sai asibiti. Don Allah ki ɓoye kwalbar, yaro in ya haɗiye ƙwayoyin da yawa yana iya rasa ransa.